Baiti Ɗaya Da Nake Roƙon Ki Gyara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Zuwaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gaisuwar da na yi wata biyu ina riƙe da ita a baki, alhali tsakanin ɗakina da naki taku biyar ne. Allah ya sa takardar nan ta same ki da zuciya mai sanyi. Allah ya tsare miki hanyar da za ki kama jibi, ya tsare direba da motarsa, ya kawar da idon mugu daga kanku tun daga tashar Zuru har ƙofar Gwaggonki a Kaduna.

Kin san rubutun boko ba ya yi mini sauri. Kwana uku nake kan wannan, in yi in ajiye. Ki yi haƙuri da inda biro ya karkace. Na zaɓi takarda ne domin in na tsaya a gabanki muryata za ta shige ciki yadda ta saba, in ƙare da tambayarki ko kin saka man shafawa a jaka.

Akwai magana a kanki, ni na ɗora ta, kuma ba na son ki hau mota da ita. Ranar da matan islamiyyarmu suka zo gidan nan kan waƙar da kika yi wa marigayiya Asabe maƙwabciyarmu, na tsaya a tsakar gida na ce in kika sake buɗe baki kika yi irin wannan waƙa, ban yafe miki ba. Tun ranar ba ki sake ba. Littafin da kike rubutu a ciki na gan shi ya koma ƙarƙashin katifa. Gwaggonki ta gaya mini ta waya cewa masu situdiyon da suka neme ki sun sake kira, kin ce musu za ki zo Kaduna amma ɗinki za ki koya, domin ba za ki taka maganar uwarki ba. Da na ji haka na zauna a bakin gado na daɗe. To ki zauna ke ma, ki ji kurakuraina yadda suka faru.

Na farko, na yanke hukunci ban ji ba. Wannan waƙa taku ta hip-hop, wadda Babanki ke kira gambarar 'yan zamani, abin da na sani game da ita shi ne dukan kiɗan da ke girgiza kwanon rufi in 'yan kabu-kabu sun wuce. Ran nan Hajiya Larai ta shigo da mata huɗu, ko tabarma ba ta bari na shimfiɗa ba. Ta ce, "Malama, ke da ke karantar da 'ya'yan mutane, kin ji abin da ke fita daga bakin taki?" Ta danna wayarta, ta kai daidai wurin da ashar take, domin ta riga ta san wurin. Abin da na saurara bai kai tsawon wanke hannu ba. Na ji muryarki, na ji kalmar, sai na ji bakina yana faɗin abin da ya faɗa.

Na bincika zuciyata a kan wannan, Zuwaira, na sake bincikawa. Da na so a ce tsoron Allah ne ya motsa harshena. Kunyar Hajiya Larai ce. Idanu goma na kallona, na nemi abin da zan jefa musu su daina kallo, sai na jefa musu ke.

Inda za ki, za a riƙa kawo miki guntun maganar mutum a waya, an yanko daidai inda zai ƙona miki rai. Kada ki amsa sai kin ji farkonta da ƙarshenta. Kuma duk ranar da kika ji magana mai nauyi na hawowa wuyanki, ki tsaya ki duba wa ke kallonki, ki tambayi kanki ko da babu shi za ki faɗa.

Bayan mako guda Babanki na zaune gindin mangwaro yana ɓarar gyaɗa, na kai masa ruwa. Bai ɗago ba ya ce, "Malama, wai kin ji waƙar nan kuwa?"

Na ce, "Na ji abin da ya ishe ni."

Ya ce, "To ni da na baro kunnena na hagu a aikin soja, da ɗayan na ji ta sau bakwai. Ke mai biyu ko sau ɗaya ba ki cika ba."

Na ce, "Saje, ashar ce fa a ciki."

Ya ce, "A bariki na ji ashar da ta girmi wannan, ba wadda ta taɓa sa ni share ido." Ya ci gaba da ɓararsa.

Da mace ce mai sauƙin kai da nan na sauko. Ni kuwa sai na ƙulla wata niyyar, kuma ita ce kuskurena na biyu. Na ce zan saurare ta, amma domin in kama ki. Zan rubuta ta baiti baiti, in ja layi ƙarƙashin kowace ƙarya da kowane ƙazafi, in ajiye a gabanki da gaban Babanki, kowa ya ga ban yi zalunci ba.

Na tafi shagon Maman Chidi na bakin layi, na miƙa mata 'yar wayata, na ce ta saka mini. Ta dube ni ta saman tabarau ta yi dariya har da tafa hannu. "Malama! Ke ma? Zo zauna in ba ki lemo, yau na ga abu." Na ce ba don daɗi nake so ba. Ta ce, "Kowa haka yake cewa." Tana dannawa sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Ni ba duka Hausar nake kamawa ba, yarinyar tana gudu kamar mashin. Amma na san maganar. Asabe a wurina take sayen man zafi, kowane sati. Tana cewa ciwon baya. Ni na sani, ina ba ta, ina cewa sannu." Ta miƙo mini wayar ba ta ƙara kallona ba.

Na fitar da tawada da alƙalami, domin da ajami hannuna ya fi sauri. Kullum bayan azahar, in kin fita, sai in rufe ƙofa in kunna, in tsayar, in rubuta, in mayar baya. Kwana huɗu na yi.

Ɗiyata, ban san yadda zan gaya miki abin da ya same ni a ɗakin nan ba. Ni na koya miki fitar da harafi tun kina da shekara biyar, kina kuka ina cewa sake. Ba ina haɗa waƙa da karatu ba ne, Allah ya tsare ni da wannan. Amma na san aikin numfashi, na san wahalarsa. Na ƙirga da yatsa, akwai wurin da kika yi layi shida ba ki shaƙi iska ba, kuma duk gudun nan ba harafin da kika haɗiye. Kalmomin suna zubowa kamar dawa daga bakin buhu, amma kowace ta faɗi a gurbinta, daidai kan dukan kiɗan. Sai ki tsaya cak, kiɗan ya tafi shi kaɗai, mutum ya ji zuciyarsa tana jiran ki dawo. Na mayar da wannan wurin baya ya fi sau goma, kuma ba don rubutu ba. Na riƙa duban wayar ina cewa, wannan daga cikina ta fito? Wannan da take jin kunyar tambayar ƙarin miya?

Ga abin da na fara rubutawa, na mayar miki da shi boko:

Katangar nan gajera ce, kafaɗa ta fi ta,
Kukan Asabe kullum sai ya tsallake ta,
Mai shayi ya ji, tela ya ji, ya ci gaba da ɗinki,
Ran jana'iza kowa ya zo da farar riga sabon wanki.

Na ɗaga alƙalami in ja layi, na rasa inda zan ja. Katangar gajera ce. Telan ya ji. Fararen rigunan na gan su da idona.

Da kika juya zuwa yarenmu na C'lela a tsakiyar waƙar kuwa, sai da na ajiye alƙalamin gaba ɗaya, domin muryar kakarki na ji, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. A ƙauyenmu na wajen Danko, in namiji ya wulaƙanta matarsa, mata ba sa kai ƙara ko'ina. A bakin dutsen niƙa suke saka shi a waƙa. Ɗaya ta ɗauko, sauran su amsa, gida ya ba gida, kafin kwana uku ko rafi ya je sai ya ji labarinsa. Kalmomin ba masu laushi ba ne, wasu ko yanzu ba zan iya maimaita su ba. Kakarki ce gwanarsu. Na ga mutumin da waƙarta ta sa ya ɗauko damin dawa a kai ya je bikon matarsa, yara na binsa. Ni kuma da aka kawo ni Zuru karatu na koma gida hutu da ɗan iliminmu na izu goma, na tsaya a kanta tana niƙa na ce, "Inna, wannan aikin jahiliyya ne." Ta dube ni, ta ci gaba da niƙanta. Ban sake jin ta yi waƙa a gabana ba har ta koma ga Allah. Na ɗauka na shiryar da ita ne. Shekara talatin da wani abu ban san kuskure na yi ba, sai da na ji ta a bakinki.

In Allah ya ƙara miki sani a can, na waƙa ko na wani abu, kada ki dawo da shi ki auna tsofaffi. Ki fara tambayarsu abin nan da suke yi, maganin me yake yi musu.

Yanzu maganar ashar, domin ba zan yi miki ƙarya in ce na daina jin nauyinta ba. Guda uku ne a waƙar. Da na zo kansu hannuna ya ƙi, na bar gurbinsu fari a takarda. Ta farko da ta ƙarshe, har yanzu ina ganin ado ne kika yi da su domin samari su yi ihu. Na cire su a zuciyata na sake karanta layin, bai rage komai ba. Amma ta tsakiya, wadda Hajiya Larai ta kunna mini, na daɗe ina duban farin gurbinta kafin na gane inda na san ta. Kalmar mijin Asabe ce. Ita yake kiranta da ita, da irin wannan jan muryar da kika yi, mu duka muna ji ta saman katanga, shekara da shekaru. Ba wanda ya taɓa ɗaukar mata huɗu ya je gidansa a kanta. Ranar da ta fito daga bakin yarinya, a ranar unguwa ta gane ƙazanta ce.

Nan na fahimci abin da ke jan mutane zuwa ga irin waƙarku. Ni duk rayuwata ina tace magana kamar mai tace koko, in zubar da dusa in miƙa mai laushi. Ashe akwai maganar da in an tace ta, gaskiyar ce ke tafiya da dusar. Da kin ce "yana faɗa mata baƙar magana", da kowa ya gyaɗa kai ya wuce. Da kika faɗi kalmar kanta, ba wanda ya iya cewa bai gane ba. Saboda haka ga shawarata, kuma ta mai jin kunya ce, ki auna ta. Mummunar kalmar da take shaida ce, wadda wani ya faɗa kuma kina son a ji abin da ya faɗa, wannan tsakaninki da Allah, ni ba zan hana ba. Wadda kuwa kika saka domin a tafa miki, ki cire. Za su ce ki ƙara, domin ita ke sa a yaɗa. In kika biye musu, ranar da kika zo da ta gaske ba wanda zai ji zafinta.

Na kai kusan ƙarshen waƙar takardata ba layi ko ɗaya da na ja. Sai na zo nan:

Unguwa duk kurame, kowa ya ja ƙofa,
Innata kaɗai ta fito ta ce, kai, ka ji tsoron Allah fa.

Kwana huɗu ina farautar ƙarya, ga ta na samu, guda ɗaya tak, kuma a kaina take.

Zuwaira, kin san ban fito ba. Ke kika fi kowa sani. Kina da shekara goma sha biyar, ranar wata Talata da la'asar sakaliya, maza duk suna kasuwa, kika shigo da gudu hannunki da kumfar wanke-wanke kika ce, "Inna, zai kashe ta." Ina zaune ina tsintar shinkafa. Na ce miki ba huruminmu ba ne, ki koma kan aikinki. Kika tsaya. Sai na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo. Ina tuna har abin da ake yi a rediyon, gaishe-gaishe ne. Kin dube ni, kin dubi rediyon, kin fita. Ba ki taɓa tayar mini da maganar ba. Da kika tashi tona asirin unguwa gaba ɗaya, har tela ba ki bari ba, sai kika ɗauki mayafi kika rufe ni ni kaɗai. Ni kuwa na saka miki da "ban yafe ba" a gaban mutane.

Akwai wanda ya fi wannan, kuma ba ki san shi ba. Kin san ni nake wankan gawar mata a unguwar nan tun rasuwar Malama Hassana da ta koya mini. Abin da ta fara koya mini, kafin ganyen magarya, kafin yadda ake naɗa likkafani, shi ne riƙe baki. Ta ce abin da idonki ya gani a ɗakin nan, a ɗakin zai tsaya. Na riƙe wannan fiye da yadda na riƙe komai. Shekara ashirin ko Babanki bai taɓa jin kalma ɗaya daga gare ni ba.

Ni na wanke Asabe. An ce zazzaɓi ne, kuma mai yiwuwa ne, ni ba likita ba ce, ba zan ce ga abin da ya kashe ta ba. Amma na ga abin da na gani, sabo da tsoho. Ba zan rubuta miki shi ba. Da na fito, mahaifiyarta, Inna Kande, da ta zo daga Mahuta a safiyar, ta kama gefen mayafina ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce, "Malama, mi kika gani ga jikin ɗiyata?" Na ce, "Allah ya jiƙanta, Inna, ta tafi da tsabta." Na zaɓi kalmomin da kyau yadda ba za a ce na yi ƙarya ba. Ta saki mayafina a hankali.

Shekara huɗu ina gaya wa kaina amana na riƙe. Sai da na zauna da takardar waƙarki a cinya na tambayi kaina, amanar wa? An ce mu rufe abin da muka gani ne domin mutuncin wadda ke kwance, kada a yi da ita bayan ba ta iya kare kanta. Tabon da ke jikin Asabe ba aibinta ba ne. Wanda na rufa wa asiri yana raye, yana cin tuwo, yana gaishe ni a hanya. Na ɗauki ƙa'idar ɗakin wanka na shimfiɗa ta a kan rayuwata duka, domin shiru ya fi mini sauƙi, kuma ana yaba mini a kansa. Ban tsaya a ra'ayina ba, na je na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ban kama suna ba. Ya ce uwar da ta tambaya tana da haƙƙin a gaya mata.

Ki kiyayi halin da mutane suka fi yabonki a kansa, ɗiyata. Nan ne ba kya dubawa. Ni nawa shiru ne. Ke naki zai zama faɗar gaskiya ba tsoro, za su yi ta zuga ki da shi, har wata rana ki faɗi abin da ba ki gani ba, kan wanda ba ya nan balle ya amsa. Abin da kika gani da idonki, ko kika ji da kunnenki, shi ne naki. Wanda aka ce an ce, ki bar shi ko da zai yi daɗin kiɗa.

Asabar da ta wuce da na ce muku zan je dubiya, Mahuta na tafi. Na sami Inna Kande a inuwar rumbu tana sussukar gero, ta tsufa fiye da shekarun. Mun gaisa, ta kawo ruwa, na kasa sha. Na ce, "Inna, kin yi mini tambaya shekara huɗu da suka wuce, ban ba ki amsa ba. Na zo in ba ki." Na gaya mata duka, a hankali, ban rage ba ban ƙara ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na sani. Ni na haife ta. In ta zo gida gefe guda take kwanciya. So nike in ji mutum guda ya faɗa, in san ba ni ce na haukace ba." Sai ta kira wata jikarta budurwa ta ce ta kawo waya. Zuwaira, waƙarki ce. Tsohuwar nan da ba ta da haƙoran gaba, bakinta na bin naki, inda kika yi gudu ta bari ki wuce ta tare ki a gaba. Matan gidan suka bar abin da suke yi suka matso. Ba wadda ta yi rawa, ba wadda ta yi magana. Ban taɓa ganin an saurari wani abu haka ba in ba wa'azi ba, kuma wa'azin ma ana samun mai gyangyaɗi.

Da ta ƙare Inna Kande ta ce, "Wagga ɗiya taki ce?" Na ce tawa ce. Ta ce, "Ta riga ki zuwa." Sannan ta dube ni da gefen ido ta ce, "Na ji ta ce ke kaɗai kika fito kika yi magana. Na ce to, ashe an yi, ni ce ban samu labari ba."

Na ce, "Ban fito ba, Inna."

Ta ce, "Na sani. Sha ruwanki."

Na gaya mata in 'yan'uwan Asabe suka ga za su tayar da maganar, duk inda aka kira ni zan je in faɗi abin da na gani. Ban san ko za su yi ba. Wannan nasu ne. Ta rako ni har bakin hanya, ta ce in gaya miki tun da aka binne ɗiyarta ba a ƙara kiran sunanta da ƙarfi ba sai a bakinki.

Ga sauran abin da ke raina, a taƙaice, domin hannuna ya gaji. Kada ki je situdiyo ke kaɗai, ki tafi da 'yar Gwaggonki, in sun yi dariya su yi. In lokacin salla ya yi ki ce a tsayar da kiɗa, wanda ya ga ba zai iya jiran raka'a huɗu ba, ba abokin aikinki ba ne. Za a zage ki, har da waɗanda ba su saurara ba, irina. Kada ki rama da waƙa sai kin kwana uku. Game da mu kuma kada ki damu. Mijin Asabe ya aiko a gaya wa Babanki ya ja wa ɗiyarsa kunne. Babanki ya ce wa ɗan saƙon ya zagayo ta dama ya maimaita, ya maimaita, ya ce har yanzu bai ji ba, a ce masa ya zo da kansa. Bai zo ba.

Yanzu ki ji da kyau. Maganar da na ɗora miki na janye ta. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin da kika yi mini da ke neman yafiya ba. Ki ɗauki littafinki ki saka a jaka. Ki kira masu situdiyon nan ki ce kina zuwa. In kina son ɗinki ki koya, sana'a ce mai kyau, amma kada ki ce ni na aike ki.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma roƙo ne, ba sharaɗi ba, domin na daina ɗaure ki da bakina. In za ki sake ɗaukar waƙar Asabe a can, ki gyara baitin nan. Ki saka ni inda nake, tare da tela da mai shayi. Na san don ƙauna kika yi, kuma na ji daɗinta har cikin ƙashina. Amma ba zan iya tsayawa gaban Allah da yabon abin da ban yi ba, ana rera shi a garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Ke kin san yadda za ki sa shi ya hau kiɗa, ni ban sani ba.

Kuma tun da a gaban mutane na faɗa, takarda ba ta isa ta goge ba. Na aika wa Hajiya Larai da sauran huɗun su zo gobe bayan la'asar. Sun ɗauka addu'ar tafiya ce kawai. Babanki ya ce zai zauna ta inda kunnensa mai ji zai fuskanci tsakar gida. Ki fito ki tsaya inda kika tsaya ran nan. Muryata ba ta da ƙarfi, kin sani, amma zan ɗaga ta iyakar iyawata, in ba su ji ba in sake.

Allah ya yi miki albarka, Zuwaira. Allah ya tsare harshenki daga ƙarya, ya tsare shi daga tsoro. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu zuga. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mana da ke muna raye. Allah ya jiƙan Asabe, ya jiƙan kakarki, ya yafe mini abin da na yi musu. Amin.

Ki gaishe da Gwaggonki da mutanen gidanta.

Wassalamu alaikum.

Innarki,
Saudatu